Lambobin ziyara na Turawan da: tambayoyi da amsoshi kan tsarabar da ake tonowa daga laka

Tsakanin ƙarni na 12 da farkon ƙarni na 16, Kiristocin Turai da ke tafiya ziyarar ibada zuwa kaburburan waliyyansu sukan komo gida da wata 'yar tsaraba ta ƙarfe mai arha, wadda suke maƙalawa a hula ko a riga, ko su rataya a wuya. Dubbai daga cikin waɗannan abubuwa sun ɓace a koguna da juji da gonaki, kuma yau masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa suna tono su. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mece ce lambar ziyara?

Wani ɗan ƙaramin bajo ne na ƙarfe, wanda yawancinsa bai wuce tsawon babban yatsa ba, ɗauke da siffar waliyyin da aka ziyarta, ko ta akwatin da aka adana ƙasusuwansa, ko wata alama da kowa ya san ta wurin ce. Na farko-farko suna da 'yan kunnuwa a gefe waɗanda ake ɗinke su da zare a jikin tufa, daga baya kuma aka riƙa zuba su da tsinke a baya domin a soka. Kowane wurin ziyara yana da tasa alamar: Roma tana da mabuɗan Bitrus da siffar Bitrus da Bulus, Cologne ta Jamus tana da sarakuna uku, Amiens ta Faransa tana da kan Yahaya mai baftisma, Wilsnack ta Jamus kuma tana da faya-fayai uku a haɗe, alamar gurasar tarayya uku da ake ziyarta a can. Mutumin da bai iya karatu ba yana ganin hular matafiyi zai san inda ƙafarsa ta taka.

Akwai kuma wani nau'i da ba bajo ba ne, 'yar gora ce ta ƙarfe mai hannuwa biyu, wadda ake zuba mata ɗigon ruwa ko mai daga wurin ziyara, a matse bakinta, a rataya ta da igiya a wuya.

Da wane ƙarfe ake yin su, kuma ta wace hanya?

Mafi yawansu haɗin kuza da dalma ne. Idan aka haɗa waɗannan biyu, kuza ta ɗan rinjayi dalma, haɗin yakan narke a zafin wajen digiri 183 na ma'aunin Celsius, wanda wutar gawayi kaɗan ta isa ta kai shi, kuma yana gudana sosai har ya shiga ƙananan layukan zane. Maƙerin yakan sassaƙa siffar a jikin lallausan dutse, ya haɗa shi da wani dutsen da ke ɗauke da gurbin tsinke, ya zuba narkakken ƙarfen ta wata 'yar kafa, cikin ɗan lokaci ya buɗe ya ciro, ya sake zubawa. Wahalar duk tana wajen sassaƙa dutsen, domin dole a yi zanen da rubutun a juye. Shi ya sa ake samun lambobi masu haruffa a birkice, inda mai sassaƙar ya manta ko kuma bai san abin da yake kwaikwaya ba. An tono irin waɗannan duwatsun zubi a wurare da dama, ciki har da tsibirin Mont-Saint-Michel na Faransa, inda aka gano wurin aikin maƙeran da kansa.

Sabuwar lamba tana ƙyalli kamar azurfa. Baƙin da muke gani a jikinsu yau aikin laka ne da shekaru. Wasu ma an shafa musu launi ko an sa musu takarda mai launi a baya, amma da wuya wannan ya tsira.

Me ya sa sunan Kantabari ya fi fitowa a abin da ake samu a Ingila?

Saboda Thomas Becket. Shi ne babban bishop na Kantabari, birni a kudancin Ingila, wanda ya yi doguwar jayayya da Sarki Henry na II kan iyakar ikon sarki a kan coci, har jarumawan sarki huɗu suka sare shi da takuba a cikin majami'arsa ranar 29 ga Disamba, 1170. Mutanen da ke wurin sun kwashi jininsa daga ƙasa, kuma ba a daɗe ba labari ya bazu cewa marasa lafiya suna warkewa idan suka sha ruwan da aka ɗiga masa kaɗan daga jinin. Paparoma Alexander na III ya ayyana shi waliyyi a 1173, shekara uku ba ta cika da kisan ba. Wannan ruwa, wanda ake ta ƙara masa wani ruwan domin kada ya ƙare, shi ne abin da maziyarta suke so su kai gida, kuma saboda shi aka fara zuba 'yan gorunan ƙarfe na Kantabari. A jikin wasu akwai rubutun Latin mai ma'anar cewa Thomas ne mafificin likitan marasa lafiya na kirki.

Daga wajen ƙarni na 14 bajo mai tsinke ya rinjayi gora, kuma a nan maƙeran Kantabari suka nuna gwanintarsu. Wanda aka fi samu shi ne kan Becket sanye da doguwar hular bishop, wanda kwaikwayo ne na akwatin da aka ajiye ɓangaren ƙoƙon kansa a ciki. Akwai kuma Becket a kan doki, da Becket a cikin jirgin ruwa yana dawowa daga gudun hijira a Faransa, da takobin da aka kashe shi da shi, da safar hannunsa, da 'yan ƙananan ƙararrawa masu sunansa. Wani abu mai muhimmanci ga masana shi ne lambobin da ke nuna hubbaren kansa, domin Sarki Henry na VIII ya sa an rushe shi a 1538, aka kwashe zinariya da duwatsu masu daraja da ke jikinsa. Ginin da sarakuna suka yi wa kyauta ya tafi, sai ya zamana ɗan ƙarfen da talaka ya saya da 'yan kuɗi kaɗan yana cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda siffarsa take. A ganina, wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a daina yi wa waɗannan abubuwa kallon tarkace.

Ina labarin ɓawon teku da ake samu a kaburbura?

Wannan ita ce alamar Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifaniya, inda ake cewa an binne Yaƙub, ɗaya daga almajiran Annabi Isa. Ita ba ƙera ta ake yi ba tun asali. Ƙumbar teku ce mai faɗi da layuka kamar mafici, wadda ake samu a gaɓar tekun yankin, a huda ta wuri biyu a ɗinke ta a jaka ko a hula. Rubuce-rubucen ƙarni na 12 sun ambaci cewa ana sayar da ita a filin da ke gaban majami'ar, tare da takalma da jakunkuna da salkar ruwan inabi. Daga baya aka riƙa zuba ta da ƙarfe, ana kuma sassaƙa ta da wani baƙin dutse mai sheƙi na yankin.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne mutane suna so a binne su da ita. An same ta a kaburbura daga Faransa da Jamus har zuwa Denmark da Sweden, a kan ƙirji ko kusa da ƙugu, inda jakar mamacin take. Tun da irin wannan halitta ba ta rayuwa a cikin ƙasa nesa da teku, samunta a hude a kabarin wani gari mai nisan dubban kilomita shaida ce mai ƙarfi ta tafiya. A Winchester ta Ingila, a maƙabartar wani tsohon asibitin kutare, an tono ƙasusuwan wani saurayi mai alamun kuturta tare da ƙumbarsa. Ba a san sunansa ba, kuma babu wata takarda da ta ambace shi. Abin da aka sani game da burinsa a duniya shi ne abin da wannan ɓawo ya faɗa.

An yi su da yawa ne?

Ƙwarai. An rubuta cewa a Einsiedeln ta ƙasar Suwizalan an sayar da wajen 130,000 cikin mako biyu na bikin shekarar 1466, a Regensburg ta Jamus kuma an sayar da fiye da 100,000 a shekarar 1520 kaɗai. Kuɗin da ke cikin harkar ya sa hukumomin coci suka riƙa ƙoƙarin kame ta. Tun a 1199 Paparoma Innocent na III ya bai wa limaman majami'ar Bitrus ta Roma ikon zuba lambobin Bitrus da Bulus su kaɗai. Abin da ya tsira zuwa yau ɗan kaɗan ne daga miliyoyin da aka yi, domin wanda ya karye akan narka shi a yi wani abu.

Ado ne kawai, ko kuwa suna da wani aiki?

Suna da aiki fiye da ɗaya, kuma masu su ba su ga saɓani a tsakani ba. Da farko shaida ce cewa mutum ya je, abin da ke jawo masa girma a garinsu da sauƙin samun masauki da sadaka a hanya, ko da yake tun a lokacin an san cewa ana iya sayen lamba ba tare da an yi tafiya ba. A inda kotu ta yanke wa mai laifi hukuncin tafiya ziyara, kamar yadda aka saba a garuruwan Flanders, a Beljiyam ta yau, takardar shaida daga limaman wurin ake nema.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma a zukatansu, neman tabarruki. Maziyarci yakan goga lambarsa a jikin hubbaren waliyyi, da imanin cewa albarkar wurin ta shiga cikinta. Idan ya komo gida sai a tsoma ta a ruwa a ba mara lafiya, ko a kafe ta a ƙofar ɗaki ko a garken dabbobi. Masu littattafan addu'a sukan ɗinke siraran lambobi a shafukan littafin, kuma har yau ana ganin zagayen gurbinsu da hudar allura a jikin fatar da aka yi rubutun a kai. 'Yan gorunan ƙarshen zamanin kuwa, a gonaki aka fi tsintarsu a Ingila, da yawa a yage ko a buɗe, abin da ya sa masana da dama suke ganin manoma ne ke zuba ruwan a ƙasa domin neman albarkar shuka. Wannan fassara tana da ma'ana, amma fassara ce, domin wasu gorunan na iya zuwa gona ne tare da takin da aka kwaso daga juji.

Ba kowane bajo na wannan zamani ne na addini ba. Akwai na barorin manyan gidaje, kamar ɗan gadun azurfa, alamar Sarki Richard na III, da aka tsinta a filin yaƙin Bosworth a 2009, akwai na soyayya, akwai ma masu siffofin batsa waɗanda har yanzu ake jayayya kan manufarsu.

Da gaske ne Gutenberg ya yi wannan sana'a?

Da gaske ne, kuma takardun wata shari'a da aka yi a Strasbourg a 1439 ne suka adana labarin. A birnin Aachen na Jamus, duk bayan shekara bakwai akan fito da wasu tufafi huɗu da ake dangantawa da Maryam da Annabi Isa da Yahaya, a nuna su daga saman majami'a. Jama'a sun yi yawan da ba mai iya matsowa ya taɓa, sai aka ƙirƙiro lamba mai ɗan madubi a tsakiya. Maziyarci yakan ɗaga ta sama domin hoton tufafin ya faɗa cikin madubin, da imanin cewa ya kamo albarkar ya tafi da ita gida. Johannes Gutenberg, Bajamushen da ya shahara da ƙera injin buga littattafai, ya haɗa jari da wasu mutane domin ƙera irin waɗannan madubai da yawa, suna sa ran ziyarar 1439, sai ta kasance a 1440 za a yi, kuɗinsu ya kwanta. Mutumin da daga baya ya zuba haruffan ɗab'i da haɗin dalma da kuza ya riga ya san harkar zuba ƙaramin abu iri ɗaya sau dubbai. Har yanzu ana yin wannan ziyara ta Aachen, ta baya-bayan nan a 2023.

Me ya sa a koguna aka fi samunsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan masana. Gaskiyar farko ita ce manyan tarin da ake da su daga ruwa suka fito. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ake yashe Kogin Seine a birnin Paris, wani ɗan kasuwar kayan tarihi mai suna Arthur Forgeais ya tara ɗaruruwa daga hannun ma'aikata, kuma da yawansu suna gidan tarihi na Cluny. A Landan, gaɓar Kogin Thames ta ba da dubbai. A Salisbury sun fito daga magudanan ruwan gari. A yankin Zeeland na ƙasar Holan kuwa, ambaliyar 1530 da ta biyo bayanta sun haɗiye ƙauyuka irin su Nieuwlande, kuma idan ruwan teku ya janye akan ga kayan mutanen a shimfiɗe a cikin laka.

Wasu suka ce maziyarta ne ke jefa lambobinsu cikin kogi da gangan idan sun komo lafiya, a matsayin godiya ko cika alwashi, suna kafa hujja da yawan da ake samu kusa da gadoji da mashigai. Wasu suka ce a'a, ai tare da lambobin ana samun tsofaffin takalma da fasassun tukwane da ƙasusuwan nama da maɓallai, wato sharar gari ce. A Landan mutane sun riƙa kafa katangar katako a bakin kogi suna cika bayanta da shara domin su ƙara faɗin filinsu, kuma a cikin wannan cikon aka tono lambobi masu yawa a wurare irin su Billingsgate da Trig Lane. Akwai kuma dalili na uku wanda ya shafi ƙarfen kansa: siririn haɗin kuza da dalma yana ruɓewa a busasshiyar ƙasa mai shan iska, garma kuma tana ragargaza shi, amma jiƙaƙƙiyar laka da iska ba ta shiga tana adana shi shekara ɗari shida da zanensa. Saboda haka mai yiwuwa ba a kogi aka fi zubar da su ba, a kogi ne suka fi tsira. Ni na fi karkata ga bayanin shara da laka a mafi yawan wurare, ba tare da na kore cewa wasu mutane sun jefa nasu da niyya ba.

Yaya ake gane shekarunsu?

Lambobin ba su cika ɗauke da shekara ba, don haka abin da ke kewaye da su ake tambaya. Katakan bakin kogin Landan sun taimaka matuƙa, domin ana iya ƙirga zoben shekarun itace a gane lokacin da aka sare shi, sai a san cewa sharar da ke bayansa ta wajen wannan lokaci ce. Tsabar kuɗi da tukwanen da ke wuri ɗaya su ma suna ƙara haske. Hanya ta biyu mai ban sha'awa ita ce ƙararrawar coci: a Jamus da ƙasashen arewacin Turai, masu zuba ƙararrawa sukan danna lambar ziyara a jikin yumɓun zubi, sai siffarta ta fito a jikin tagullar, kuma ƙararrawa da yawa suna ɗauke da shekarar da aka yi su. Jami'ar Radboud da ke Nijmegen tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Kunera, wanda ya tattara dubban lambobi da wuraren da aka samo su, har ana iya ganin nisan da alamar kowane wurin ziyara ta kai.

A Turai aka fara wannan al'ada?

A'a, Gabas ta riga ta da ɗaruruwan shekaru. A Abu Mina, cikin hamadar kudu maso yammacin Iskandariyya a Masar, an riƙa yin 'yan gorunan yumɓu daga ƙarni na 5 zuwa na 7, ɗauke da siffar Waliyyi Mina tsaye tsakanin raƙuma biyu, kuma an tsinci ɗaya har a Meols, a gaɓar tekun yammacin Ingila. A majami'ar Monza ta Italiya akwai gorunan ƙarfe na ƙarni na 6 da aka kawo daga Ƙudus, masu rubutun Girka da ke ambaton mai daga wurare masu tsarki. A Siriya kuma, maziyartan ginshiƙin Siman, waliyyin da ya yi shekaru yana zaune a kansa, sukan tafi da 'yan dunƙulen ƙasar wurin masu hatimi.

Shin Musulmin wancan zamani suna da makamancin wannan?

Sha'awar komowa da tsaraba daga wuri mai alfarma ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tarbar alhaji ya sha zamzam. Sai dai Musulmi ba su yi lambobi masu siffar mutum ba. Abin da ya fi kusa a matsayin shaida shi ne takardun hajji na ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 14, waɗanda aka samu a Babban Masallacin Dimashƙa, yanzu kuma suna Istanbul. Wasunsu suna da zanen Ka'aba da Arfa, kuma da yawansu shaida ce ta hajjin da aka yi wa wani.

Masu hannu da shuni fa?

Sukan sayi irin alamar da azurfa ko zinariya, amma kaɗan ne suka tsira domin an narkar da su. Misalin kayan adon addini na manya shi ne abin wuyan zinariya mai shuɗin yaƙutu na ƙarni na 15 da aka tsinta kusa da Middleham ta Ingila a 1985, mai rubutun neman tsari daga farfaɗiya, wanda gidan tarihi na Yorkshire ya saya a kan fam miliyan 2.5.

Akwai na jabu?

Akwai, kuma mafi shahara aikin wasu mutum biyu ne 'yan Landan, William Smith da Charles Eaton, waɗanda ake kira Billy da Charley. Daga 1857 suka riƙa zuba manyan lambobi da gumaka na dalma, su jiƙa su da ruwan asid, su shafe su da lakar kogi, su ce daga aikin haƙar tashar jiragen ruwa ta Shadwell suka fito. Sun sayar da dubbai, har maganar ta kai kotu a 1858 ba tare da an tabbatar da jabun ba. Daga cikin abin da ya tona su akwai rubutun da ba ya ba da ma'ana a kowane harshe, da shekarun ƙarni na 11 da aka rubuta da lambobin Larabci, alhali Turawan lokacin da lambobin Romawa suke ƙirga. Yau kayansu sun zama abin tarawa da sunan jabun da kansa. Akwai kuma sababbin kwaikwayo da ake yi wa masu wasan tarihi, waɗanda idan suka kwana a ƙasa na ɗan lokaci sukan ruɗi wanda bai ƙware ba.

Me ya kawo ƙarshensu?

Gyaran addini da Martin Luther ya fara a 1517 ya soki ziyarar kaburbura da neman ceton waliyyai. A Ingila an rushe hubbaren Kantabari da na Walsingham a 1538, a Wilsnack kuma wani limamin Furotesta ya ƙone abubuwan da ake ziyarta a 1552. A ƙasashen da suka ci gaba da bin Katolika ziyara ba ta tsaya ba, amma hotunan takarda da aka buga da 'yan lambobin wuya da ake bugawa kamar tsabar kuɗi sun maye gurbin na zubi.

Wanda ya tsinci ɗaya, me ya kamata ya yi?

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a ƙasashen Turai da yawa haramun ne yin haƙa ko yawo da na'urar gano ƙarfe ba da izini ba. A Landan ba a binciken gaɓar Thames sai da takardar izini daga hukumar tashar jiragen ruwan birnin. A Ingila da Wales akwai tsarin rajistar kayan tsintuwa da aka fara a 1997, inda jami'i ke ɗaukar hoton abin, ya auna shi, ya rubuta ainihin wurin da aka same shi, sannan a mafi yawan lokuta ya mayar wa mai shi. Wannan rubuta wurin shi ne abin da na fi damuwa da shi, domin kan Becket da aka san ya fito daga wata gona a arewacin ƙasar yana nuna cewa wani daga wannan ƙauye ya kai Kantabari, amma irinsa da ke yawo a kasuwar intanet ba tare da asali ba ya rasa wannan bayani har abada.

Game da kula da abin kansa, kada a kankare shi da burushin ƙarfe, kada kuma a yi ƙoƙarin miƙe wanda ya lanƙwashe, domin tsohon ƙarfen yana karyewa, kuma wani lanƙwashin mai shi ne ya yi da hannunsa. A ajiye shi a busasshen wuri cikin akwatin roba, nesa da katako irin na oak da kwali mai arha, saboda tururin da suke fitarwa yana cin dalma har ta zama farin gari. Bayan an taɓa shi kuma a wanke hannu kafin a ci abinci, domin dalma guba ce.